Hannun da Ya Miƙo Maganin: Shan Inna da Yadda Jama'a Ke Yarda da Shugaba

Duk wanda ya zauna a Kano ko Katsina ko Zariya cikin shekara ashirin ɗin nan ya san rubutun allin da ake yi a jikin bangon zaure ko a ƙyauren gida, lambobi da layuka da ba kowa ke gane su ba. Ya kuma san tawadar da ake shafa wa yaro a farcen ƙaramin yatsa. Alamun masu ɗigon shan inna ne. An yi zamanin da maigida zai tsaya a ƙofar zaure ya ce wa matan nan masu rataye da 'yar kular ƙanƙara su ƙara gaba, babu yara a gidan, alhali ana jiyo kukan jariri daga ciki. Yau yawancin gidajen nan sukan buɗe. Kafin a kai ga haka sai da dubban yara suka shanye, aka harbe mata a bakin aiki, aka ɓata shekaru masu yawa. A ganina babu labarin da ya kai wannan nuna yadda shugaba ke samun yardar mutane a ƙasar nan, da yadda take suɓuce masa.

Yawancin masu ba da labarin daga 2003 suke farawa, su ce jahilci ne da jita-jita suka sa Arewa ta ƙi rigakafi. Wannan bayani yana da daɗin faɗa ga mai mulki, domin ya ɗora laifin gaba ɗaya a kan talaka. Amma ruwa ba ya tsami banza. A 1996 annobar sanƙarau ta faɗa wa Arewa, ta kashe mutum sama da 11,000. Ana cikin wannan tashin hankali kamfanin magunguna na Amurka, Pfizer, ya zo Asibitin Zana da ke Kano ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan. Yara kusan 200 aka sa a gwajin, rabi aka ba su sabon maganin, rabi aka ba su wani da aka riga aka sani. Goma sha ɗaya suka rasu, wasu suka tashi da nakasa. Kamfanin ya tsaya a kan cewa cutar ce ta kashe su, kuma an nemi izinin iyaye da baki. Iyaye da dama suka ce babu wanda ya gaya musu gwaji ake yi da 'ya'yansu. Su a saninsu asibiti suka kawo yaro. Daga baya ta fito fili cewa takardar da aka nuna a matsayin amincewar kwamitin ɗa'a na asibiti, bayan an gama gwajin aka rubuta ta, aka sa mata kwanan watan baya.

Abin da ya fi ci mini rai a nan ba kamfanin ba ne, namu ne. Jaridar Washington Post ce ta tona maganar a ƙarshen 2000. Gwamnatin tarayya ta kafa kwamitin bincike, kwamitin ya gama aikinsa a 2001 ya ce gwajin ya saɓa ƙa'ida, sannan aka jefa rahoton a durowa. Bai fito ba sai 2006, shi ma wani ne ya kwarmata shi ga 'yan jarida. Sulhun dala miliyan 75 da jihar Kano sai a 2009 aka cim masa. Ke nan a shekarar da ake bin Bakano gida-gida ana cewa ya buɗe bakin ɗansa, gwamnatin da ke ba shi tabbacin maganin lafiya lau yake ita ce ke zaune a kan rahoton abin da aka yi wa 'ya'yan maƙwabtansa. Bai karanta rahoton ba, amma ya san gidan da aka yi zaman makoki. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

A ƙara da yanayin da ake ciki. A watan Maris na 2003 Amurka ta mamaye Iraƙi, kowa yana jin labarin a rediyo safe da yamma. Ba a daɗe da dawo da shari'ar Musulunci a jihohin Arewa ba, tsakanin jihohin da Abuja kuwa akwai 'yar tsama. Dattawa ba su manta da tsarin yawan jama'a na 1988 ba, wanda ya ƙarfafa kowace mace ta tsaya a 'ya'ya huɗu. Sai kuma tambayar nan da aka riƙa yi a kowane zaure, wadda har yau ban ji wanda ya kira ta tambayar jahilci ya kawo hujja ba: ƙyanda tana kashe mana yara, zazzaɓin cizon sauro yana kashe su, in mun je asibiti babu magani sai mun saya, to me ya sa wannan ɗaya tak ake biyo mu da shi har ɗaka, kyauta, sau da yawa a shekara? Banza ba ta kai zomo kasuwa. Amsar tana nan: cutar shan inna tana cikin 'yan cututtukan da za a iya kawar da su daga duniya kwata-kwata, domin ƙwayar ba ta da mazauni sai jikin mutum, shi ya sa tun 1988 duniya ta zuba kuɗi a kanta. Amsa ce mai ma'ana. Sai dai tana bayyana buƙatar mai kawo maganin ne, ba ta taɓa buƙatar mai karɓa ba, kuma mutane sun gane hakan sarai.

Cikin wannan hali ne marigayi Dakta Datti Ahmad, shugaban Majalisar Ƙoli ta Shari'ar Musulunci a Najeriya, ya fito ya ce ana zargin an gurɓata maganin da sinadarin hana haihuwa. A lura, likita ne, sananne a Kano, ba mai tallan magani a tasha ba. Jihohin Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da rigakafin. Sauran suka koma cikin 'yan watanni, Kano a ƙarƙashin Malam Ibrahim Shekarau ta tsaya kusan wata 11.

Abin da hukumomi suka fara yi shi ne abin da mai ilimi kan yi idan aka ƙi maganarsa: ƙaro hujja. Aka yi gwaje-gwaje a gida da waje, aka tura tawaga Afirka ta Kudu da Indiya da Indunusiya, aka fito da sakamakon cewa maganin ba shi da aibu. Ɓangaren masu ƙi su ma suka yi nasu gwajin, suka ce sun ga ɓurɓushin wani abu. Taron Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi da aka yi a Malesiya a watan Oktoba na 2003 ya goyi bayan rigakafin. Kofi Annan, Sakatare Janar na Majalisar Ɗinkin Duniya a lokacin, ya turo Farfesa Ibrahim Gambari ya zagaya wajen manyan Arewa. Takarda ta yi karo da takarda, mai unguwa da ke Gwale ko Dawakin Tofa kuwa ba shi da hanyar tantance wace ce ta gaskiya. Ba sakamakon ɗakin gwaji yake aunawa ba. Mutumin da ya riƙo takardar yake aunawa.

Yadda aka warware ƙullin ya tabbatar da haka. Kano ta ce za ta karɓi magani idan daga Indunusiya ya fito, ƙasar Musulmi, daga kamfanin Bio Farma. Maganin Indunusiya irin wancan ne dai, ƙwaya ɗaya, tsari ɗaya, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ce ta tantance shi kamar sauran. Abin da ya canza shi ne hannun da ya miƙo shi. Wasu suna ganin wannan dabara ce kawai ta fitar da gwamna kunya. Ko da haka ne, ba ƙaramin abu ba ne: shugaban da ya hau dokin na ƙi a bainar jama'a yana buƙatar inda zai sa ƙafa ya sauko, in ba a ba shi ba zai ci gaba da zama a kai ko da ya gane kuskurensa. A ƙarshen Yuli na 2004 Shekarau ya je Takai ya ɗiga wa yara da hannunsa. Bayan 'yan watanni aka ɗiga wa ƙaramar 'yarsa a gaban jama'a, Shugaba Obasanjo ne ya ɗiga mata. Wannan ya fi duk rahotannin tasiri, domin a karon farko an ga mai maganar ya sa nasa a ciki. In akwai cuta a maganin, gidansa za ta fara shiga.

Da a ce yarda abu ce da gwamna ke kashewa ya kunna kamar fitila, da labarin ya ƙare a Takai. Bai ƙare ba. A 2002 yaran da cutar ta kama a Najeriya 200 ne da 'yan kai. A 2006, shekara biyu bayan janye dakatarwar, sun haura 1,000. Ƙwayar ta bi matafiya ta shiga ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita, ta ratsa Nijar da Chadi da Sudan, ta haye Bahar Maliya zuwa Yaman inda ta kama yara sama da 400, ta kai har Indunusiyar da muka amince da maganinta, wadda ta yi shekara goma ba ta ga cutar ba. A nan dole a faɗi gaskiya ga ɗaya ɓangaren ma. Waɗanda suka tayar da zargin suna da dalilin yin shakka, amma ba su da hujjar da ta kai nauyin abin da suka faɗa, kuma yara ne suka biya kuɗin, namu da na wasu. Mutumin da jama'a suka yarda da shi idan ya ce a yi hattara, maganar takan shiga cikin kwana ɗaya. Idan ya dawo ya ce a kwantar da hankali, rabin mutane za su ce an saye shi ne. Wannan nauyi ne a wuyan duk malami ko ɗan boko da ake jin maganarsa, kuma ban ga alamar mun ɗauke shi da muhimmancin da ya kamata ba.

Gyaran gaske ya soma ne lokacin da aka koma kan tambayar zaure. Daga 2006 aka daina zuwa da ɗigon shan inna shi kaɗai. Aka haɗa da allurar ƙyanda, da sinadarin ƙarin gani da lafiyar yara, da maganin tsutsar ciki, wani wurin da sabulu ko gidan sauro. Daga baya aka riƙa kafa 'yan sansanonin duba marasa lafiya a unguwanni, inda uwa za ta kawo yaro mai zazzaɓi a duba shi a ba shi magani, sannan a ɗiga masa. Akwai masu kallon wannan a matsayin toshiya. Ni ina ganin shi ne karo na farko da hukuma ta amsa cewa ta ji abin da aka ce mata. Saudiyya ma ta taimaka ta wata fuskar, da ta wajabta wa maniyyatan Najeriya ɗigon, manya da yara. Alhajin da aka ɗiga wa a Jidda da wuya ya dawo gida ya ce makircin Yahudu da Nasara ne.

Sai babban sauyi na 2009. A lokacin Dakta Muhammad Ali Pate ne ke jagorantar hukumar kula da lafiya a matakin farko ta ƙasa, Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar kuma bai daɗe da hawa gadon sarauta ba. Aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan lafiya, Shehun Bama na lokacin ya shugabance shi. Aikin ya bi tsohuwar hanyar da kowa ya sani: sarki ya kira hakimai, hakimi ya kira dagatai, dagaci ya kira masu unguwanni. Gidan da aka ƙi, ba ɗan sanda ake turawa ba, mai unguwa ne zai je da kansa, wani lokaci da limamin masallacin unguwar. A 2008 yara 798 cutar ta kama. A 2010, 21.

Ya kamata a tsaya a kan dalilin da ya sa mai unguwa ya iya abin da minista ya kasa, domin nan ne zuciyar maganar. Ba ilimin magani ya fi ministan ba, sau da yawa ma bai san yadda ɗigon ke aiki ba. Ba kuma tsoronsa ake ji ba, mai unguwar yau ba shi da gidan yari. Abin da yake da shi guda ne: ba ya tafiya. Shi ya halarci sunan yaron, shi za a kira in an yi rasuwa, 'ya'yansa da jikokinsa a layin nan suke wasa, su ma da tawada a farce. In yaro ya kwana da zazzaɓi bayan ɗigo, uban ya san ƙofar da zai buga da asuba, kuma mai ƙofar zai fito. Jami'in da ya zo daga Abuja cikin farar mota, in maganarsa ta zama ƙarya, babu abin da zai rasa a unguwar. Mai unguwa zai rasa mutuncin da ya gada tun kakanni. Mutane suna lissafa wannan ko da ba su faɗa ba: in abin ya ɓaci, me kai za ka yi asara? Da ɗan gari akan ci gari, amma ba don ɗan garin ya fi iya magana ba.

Kada a ɗora wa sarakuna abin da ba su kaɗai suka yi ba. A daidai wannan lokaci an kawo sabon nau'in maganin da ya fi ƙarfi, gwamnoni kuma sun sa hannu a alkawarin sa ido da kansu. Kuma da hankali ya koma kan zaɓen 2011, adadin ya sake hawa, 62 a shekarar, 122 a 2012. An gwada barazanar kama iyayen da suka ƙi, abin da ya fi koya wa mutane ɓoye yara a bayan gida ko shafa musu tawada da kansu. A ranar 8 ga Fabrairu 2013 'yan bindiga suka buɗe wuta a wuraren rigakafi biyu a Kano, suka kashe mutum tara, yawancinsu mata. Allah ya jiƙansu. Takwarorinsu sun koma bakin aiki bayan haka, a kan ɗan alawus ɗin da bai taka kara ya karya ba, kuma sunayensu ba sa cikin jawaban da aka yi ranar murna.

Su ne ma suka ƙarasa aikin. Sarki yana iya sa a buɗe zaure, amma bayan zaure akwai "ba shiga", kuma can ne uwa da kaka suke yanke hukuncin ko za a fito da yaro. Tun wajen 2012 aka ɗauki dubban mata 'yan sa-kai, kowace a unguwarta, tana da lissafin masu ciki da jarirai, tana zuwa barka tana zuwa suna, tana tuna wa mace ranar awo. Ranar da ta zo da masu ɗigo ba baƙuwa ba ce. Sai kuma waɗanda cutar ta riga ta shanye wa ƙafafu, da suka kafa ƙungiyoyinsu suka riƙa bin masu rigakafi a kan kekunansu na hannu. A al'adarmu an daɗe ana cewa Inna ce, wato iska, ke shan ƙafar yaro, daga nan ma sunan cutar ya samo asali. Ba a kawar da irin wannan fahimta da lacca. Amma idan magidanci mai sana'a, wanda ke tafiya da hannuwansa, ya tsaya a ƙofarka ya ce da an ɗiga masa yana yaro da da ƙafarsa ya zo, gardama takan ƙare. Yaro na ƙarshe da ƙwayar daji, wato asalin ƙwayar cutar da ba ta fito daga magani ba, ta kama a Kano a Sumaila yake, a watan Yuli na 2014. Ta sake ɓulla a Borno a 2016, a yankunan da Boko Haram ta hana shiga. Ranar 25 ga Agusta 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ita.

To amma masu kular ƙanƙara ba su daina zuwa ba, kuma a nan ne nake ganin ana neman maimaita kuskuren farko. Ɗigon baki yana ɗauke da ƙwayar cutar ce da aka raunana. Yaron da aka ɗiga wa yana fitar da ita a bayan gida na ɗan lokaci. Inda kusan kowane yaro ya samu rigakafi, nan take mutuwa. Inda aka bar yara da yawa babu kariya, ga ƙarancin tsaftar ruwa da masai, takan yi ta yawo daga yaro zuwa yaro wata da watanni har ta sake yin ƙarfi ta shanye wanda ba a yi wa ba. Wannan ya faru a Arewa tun daga 2005, ba a yi maganarsa a fili sosai ba sai 2007, lokacin yara kusan 70 sun kamu. A 2021 irin wannan nau'i ya kama ɗaruruwa. Maganinsa shi ne ƙarin rigakafi, ba raguwa ba, domin giɓin da aka bari ne ke ba shi hanya. Na fahimci tsoron jami'an lafiya: ta yaya za ka gaya wa mutumin da ka sha wuya kafin ya yarda cewa ƙwayar da ke yawo yanzu daga maganin ta samo asali? Amma magidancin da aka ce masa an ci nasara a 2020, ya kuma ga ana sallama a ƙofarsa a shekarun da suka biyo, zai tambaya. In bai ji bayanin daga bakin mai unguwarsa ba, zai ji rabinsa daga wani saƙon murya a WhatsApp, wanda zai ƙare da cewa dama an faɗa muku. Bayanin yana da wuya, amma ba ya fi ƙarfin manomin da ya san yadda iri mai kyau ke rikiɗa idan aka bar gona babu kulawa.

Akwai kuma wata damuwar. Yardar da aka yi aiki da ita a 2009 aro aka yi daga masarautu, kuma abin aro yana ƙarewa. A Kano an raba masarautar gida biyar a 2019, aka tuɓe Sarki Muhammadu Sanusi II a Maris 2020, aka soke dokar a Mayu 2024 aka dawo da shi, maganar kuma ta koma kotu mutum biyu suna amsa sunan sarki. Ba ina shiga tsakanin ɓangarorin ba ne. Abin da nake dubawa shi ne mai unguwar da ke can ƙasa, wanda ƙarfinsa duka ya dogara a kan cewa shi ba na gwamnati mai ci ba ne, na unguwa ne. Duk lokacin da aka ga rawani yana hawa yana sauka da sakamakon zaɓe, ana rage wa wannan mutumin wani abu, shi da bai ji ba bai gani ba. Kuma shi ɗin dai za a sake turawa gidan da aka ƙi, ko a kan shan inna, ko mashaƙo, ko wata annobar da ba mu san sunanta ba tukuna. Zai yi sallama a zaure, maigida zai fito ya dube shi, kafin ya ce a miƙo yaron.